Sandar Awini a Bangon Coci

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci ƙafa, ya kuma halicci itacen da ake dogarawa idan ƙafar ta gaza.

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna shan shayi, na ji abin da kuke faɗa. Kun ce sana'ata katako biyu ce da ƙusa, kuma ko ɗan makaranta zai iya haɗa sandar dogarawa kafin la'asar. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na zata ranar da mahaifina ya kai ni wurin Baba Issaka kafinta a Salaga.

Aikin farko da na gani da idona na wani masunci ne daga Makango, wanda aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa bayan wani rauni ya ruɓe. 'Yan'uwansa suka kawo shi a kwance cikin mota, suka ce a auna shi a nan inda yake, kada a wahalar da shi. Baba Issaka ya ƙi. Ya sa aka ɗaga mutumin, aka tsayar da shi jikin bango, yana gumi yana zagin kowa har da kakanninmu. Sai da ya huce, kafaɗunsa suka sauka, sannan Baba Issaka ya ɗauki ma'auni. Da suka tafi ya ce mini, "Hamidu, mutum a kwance tsawonsa daban, a tsaye tsawonsa daban, kuma mai fushi ya fi mai haƙuri tsawo. Wanda zai yi tafiya kake aunawa." Ya nuna mini cewa kan sanda ba ya taɓa hammata. Ana barin fili kamar faɗin yatsu uku, domin tafin hannu ne ke ɗaukar nauyi. Idan sanda ta yi tsawo ta tokare hammata, akwai wata jijiya a wurin da za ta danne, sannu a hankali hannun ya mutu. Mutum ya zo maka da ciwon ƙafa, ka sallame shi da ciwon ƙafa da na hannu.

Kayan aikin ba su da yawa. Zarto, gizago, magagari, guduma mai cire ƙusa, da wuƙar yanka tayar mota, don da robar taya ake yi wa sanda takalmi. Marke ya fi kowane itace ƙarfi amma yana da nauyi, sai ƙato. Tsofaffi da mata dalbejiya nake yi musu, wadda ta bushe sosai a inuwa. Matashin hammata audugar rimi ce a cikin fata. Idan na gama, sai in ɗora ƙusa a wuta in rubuta sunan mai ita a cikin katakon da ajami, da ko ta hagu ce ko ta dama, saboda ni ban yi boko ba, kuma sanduna goma a jingine duk kamarsu ɗaya.

Daga Salaga na yi wasu shekaru a Yendi, a lokacin da babura suka fara yawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi a hatsarinsu, waɗanda suka rage kuwa da yawansu ta shagona suka bi. A can na san masu ciniki. Akwai mai zuwa da kuka, akwai mai zuwa da faɗa kamar ni na karya shi. Amma kusan kowa, Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya, kalma ɗaya yake fara faɗa: "Masta, ba daɗewa zan yi da ita ba, yi mini mai sauƙi." Wani gaskiyarsa ne, wata biyu ya jefar. Wani kuwa na san da ita za a raka shi kabari, amma ban taɓa faɗa wa kowa haka ba. Ina dai zaɓa masa itace mai kyau.

Da na koma Bawku na kafa shago kusa da tasha, sandar da na fara yi ta Awini ce. Awini Bakusashe ne, ɗan ƙabilar Kusasi ta yankin nan, Kirista, mai gyaran takalma a gindin wata bishiyar dalbejiya da ke bakin ƙofar tasha. Shan inna ya shanye masa ƙafar hagu tun yana rarrafe. Kafin ya zo wurina da wani guntun gora yake yawo, yana rungume da shi hannu biyu kamar mai tuƙa kwalekwale. Na yi masa ta marke, don ƙirjinsa da damatsansa na maƙeri ne. Ranar da ya karɓa ya zagaya tasha sau biyu ba tare da wani dalili ba. Tun daga nan muka zama abokai. Yana gyara mini takalmi, ina canja masa roba. Idan na tafi masallaci yana duba mini shago, ran Lahadi kuma ina kore masa awaki daga kan tabarmarsa. Yakan ce mini, "Masta Hamidu, ku kuna cewa imani, mu muna cewa bangaskiya, amma ruwan sama ɗaya ke dukanmu." Ni kuma in ce masa ya rage wa'azi ya ƙara zare.

Shekarar da ta fi yi mini muni ba shekarar yunwa ba ce. Shekarar da aka manna hotunan wani Osofo ce, wato babban fasto, daga kudu. Hotunan suka cika bangon tasha da jikin motoci: mutum cikin farar kwat, ya ɗaga hannu, a ƙasansa an zana sanduna irin nawa a kakkarye. Aka ce yana zuwa Bawku, makafi za su gani, guragu za su yi tsalle. Daga ranar aiki ya tsaya mini cik. Wanda robarsa ta cinye ya ce zai lallaɓa. Wanda ya yi odar sabuwa ya aiko a dakata. Wani dattijo daga hanyar Zebilla ya tsaya a ƙofata da sanda ɗaure da waya, na ce ya kawo in gyara masa kyauta, ya ce, "Masta, in na gyara, ai kamar na ce wa Allah ba zai iya ba." Osofo ya ɗage zuwansa, aka jira. Ya sake ɗagewa, aka sake jira. Damina ta shigo ta wuce, ni ina sassaƙa kujerun tsugunno da maburgi don a ci tuwo a gida, guragun gari kuma suna yawo da sanduna masu karkata kamar haƙoran tsohuwa.

Kada ku ɗauka Kiristoci kaɗai nake nufi. Ranar da ya iso, aka yi taron da yamma a filin ƙwallo, na je na tsaya can baya kusa da masu sayar da abinci, kuma ban rasa abokan tsayuwa ba. Na ga alhazai sun ja hula har gira. Na ga wata hajiya da ta sha rubutun malamai uku a kan ciwon gwiwa, ta rufe fuska da mayafi tana turawa gaba. Muka haɗa ido da wani ladan, kowa ya kalli wani wuri.

Ganguna suka ɗauka, lasifika na girgiza ƙirji. Osofo yana magana da Turanci, wani na juyawa da Kusasanci, wani da Hausa. Abin da ya yi ta nanatawa shi ne, ikon Allah yana nan kamar wutar lantarki, bangaskiyar mutum ita ce waya. Mai waya mai kauri zai samu, mai siririya ya kuka da kansa. Sai aka fara hawa da mutane dandamali. Ina tsaye na ga an ɗauko Awini.

Zan faɗa muku abin da idona ya gani, ba ƙari. Osofo ya karɓi sandar, ya ɗaga ta sama. Samari biyu suna riƙe da Awini, sai suka sake shi. Ya tsaya. Ya jefa ƙafar dama, ya ja ta hagu, ya sake jefawa, hannuwansa a sama, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Taku kaɗan ya yi ya faɗa hannun samarin. Filin ya ɗauki ihu, kuma a daidai lokacin da hannuwansa ke sama mai hoto ya ɗauka.

Sannan Osofo ya juya sandar ya ga rubutuna. Ya kira mai juya magana ya nuna masa. Ya ce ga abin da ya ɗaure ƙafar bawan Allah shekara da shekaru, ga asirin da aka ƙona a cikin itace. Jama'a suka yi salati irin nasu. Abin da ke jikin katakon kuwa "Awini na tasha, hagu" ne. Alhazan da ke kusa da ni duk sun iya karanta shi, amma wanda ya yi magana ya tona cewa yana wurin, don haka kowa ya ƙara jan hula.

Akwai abu ɗaya da ba zan ɓoye ba, don zan tsaya gaban Allah. Wata mata mai tuyar ƙosai, wadda na yi wa sanda bayan ta faɗi daga motar kaya ƙugunta ya riƙe, tana nan baya kusa da ni. Ba ta hau dandamali ba, ba wanda ya ɗora mata hannu. Ciniki ya kawo ta. Ana cikin waƙa mai ya kama wuta a kaskonta, ta miƙe ta janye yaron da ke kusa, ta ɗauko ƙasa ta zuba, sai da wutar ta mutu ta lura sandar na can jingine da benci. Har yau tana ɗaukar ruwa a ka. Na tambaye ta daga baya ko ta sa rai a ranar. Ta ce, "Baba Malam, ni raina na kan ƙosai." Likita zai faɗi nasa, fasto zai faɗi nasa. Ni na ce Allah yana yin abin da ya so, a lokacin da ya so, kuma bai taɓa neman shawarar mai lasifika ba.

Osofo ya wuce gaba, ya bar wani matashin fasto da sabon coci a wani tsohon sito. Sandunan da aka karɓa aka buga su da ƙusa a bangon katako bayan mumbari, a jere, don su zama shaida. Aka buga hoton Awini a babban kyalle aka rataya a bishiyar tasha, daidai saman inda yake zama. Hoton na nan, mai hoton babu.

Bayan haka igiyoyi suka fara zuwa. Mace za ta shigo da tsakar rana lokacin da titi ya yi shiru, ta gaishe ni, ta tambayi kuɗin maburgi, sannan ta kwance bakin zane ta fito da igiya mai ƙulli biyu, awon sandar da ake so. "Wani baƙo ne a gidanmu, daga nan zuwa nan." Ba wanda yake so a gan shi a ƙofata, don zuwa wurina yana nufin wayarsa siririya ce, ga kuma zancen asiri. Ni kuwa ba na yin sanda da igiya. An auna mutum a kwance, an tura igiyar har cikin hammata, ban ga yadda yake karkata ba, ban ga inda hannunsa ke sauka ba. Ina cikin yunwar aiki, amma na mayar da su duka.

Igiyar da ta fi yi mini nauyi ta Lariba ce, matar Awini. Ita ba ta tambayi maburgi ba. Ta zauna a bencin nan da kuke kai ta ce, "Baba Malam, abokinka yana ɗaki tun ranar. Da dare ya yi ƙafar ta kumbura kamar tulu. Bayan gida ma da rarrafe yake zuwa, sai ya leƙa ya ga ba kowa a tsakar gida."

Na ce, "To me ya hana shi aikowa a karɓo sandarsa?"

"Fasto ya ce warkarwar ta riga ta sauka, saura ya riƙe ta. In ya koma kan sanda ya mayar wa Allah kyautarsa. Kullum suna zuwa su yi addu'a su ce ya tashi. Ya tashi ya faɗi. Su ce akwai shakka a zuciyarsa, ya bincika. Mutumin nan ya bincika har ya rame." Ta goge ido da bakin mayafi. "Yanzu sarkin tasha ya aiko. Ya ce gindin bishiya ba gado ba ne, akwai wani mai gyaran takalma da ke nema. In Litinin ta yi Awini bai zauna a wurin ba, an ba wancan. Baba Malam, da wurin nan muke ci."

Na ce zan bi ta gida in auna shi a tsaye. Ta kama baki. Ta ce ƙanin mijinta na cikin samarin cocin, ɗakinsa na kallon nasu. In aka ga mai rubutun asiri ya shiga da ma'auni, sun gama zama a gidan. Ta tura mini igiyar. Na tura mata abarta. Na ce, "Lariba, mijinki da hannu yake ɗinki. In na yi masa da wannan, kafin shekara hannun ya mutu, sannan ko an bar masa bishiyar ba abin da zai yi a gindinta. Gaya masa haka. Gaya masa kuma ni ban san kaurin wayar kowa ba, amma na san mutumin da ya yi shekaru yana kore mini ɓarayi lokacin salla." Ta tashi ba sallama.

Ran Lahadi da hantsi ina fere wata ƙafar kujera sai na ji amalanken jaki ya tsaya. Awini ne a kai, cikin rigarsa ta zuwa coci, Lariba na riƙe da linzami. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa.

Na ce, "Sauko in auna ka."

Ya ce, "Wa ya ce maka sabuwa nake so? Ina da sanda. Ɗauko gudumarka, Masta, mai cire ƙusar."

Muka bi ta tsakiyar gari, ta gaban tasha, ta ƙarƙashin hotonsa. Mutane suna kallon kyallen suna kallon amalanken. Wani direba ya ɗaga murya, "Awini, ina tsallen?" Awini ya ce, "Yana nan sama, ka tambaye shi."

A ƙofar cocin na tuɓe takalmina bisa sabo, sai na ga kowa da nasa a ƙafa. Na riƙe su a hannu ɗaya, guduma a ɗayan, na tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo karɓar haya. Ana cikin waƙa. Awini ya sauka daga amalanke ya shiga da rarrafe ta tsakiyar layi, yana jan ƙafar a kan siminti. Waƙar ta mutu daga baya zuwa gaba, layi bayan layi.

Matashin faston ya sauko da sauri. Ba mugun yaro ba ne. Ya ce, "Baba Awini, kada ka yi haka. Saura kaɗan. Shaiɗan ne ke gwada bangaskiyarka."

Awini ya zauna a ƙasa ya dube shi. Ya ce, "Fasto, ranar nan na gaskata da dukan zuciyata. Ban taɓa gaskata wani abu kamar yadda na gaskata a kan dandamalin nan ba. Yau ma na gaskata Yesu zai iya. In ya so, kafin in rufe bakina zan miƙe. Amma bai yi ba tukuna, kuma na gaji da yi masa ƙarya. Ba ya bukata."

"Amma shaidarka, jama'a sun gani..."

"Sun ga hoto. Ni ne nake kwana da ƙafar." Ya juya ga mutane. "An karanta mana a nan cewa akwai babban manzo da ya roƙa a cire masa wata cuta, aka ce masa a'a, alheri ya ishe shi. Shi ma wayarsa siririya ce? Ina da 'ya'ya. Gobe Litinin." Sannan ya ɗaga murya, "Masta Hamidu, shigo. Gidan Allah ne, ba a cizo."

Na shiga ba takalmi. Ba wanda ya tare ni. Wanda ya buga ƙusoshin nan ba kafinta ba ne, ya sa ƙusa mai kauri a tsakiyar marke, itacen ya ɗan tsage. Na sa tsumma a ƙarƙashin guduma na zare ta a hankali, ƙarar ta cika ɗakin. Na duba tsagar, na ga ba ta kai mariƙi ba, sandar za ta jure. Na miƙa masa.

Ya dafa benci ya miƙe, ya sa ta a inda ta saba zama. Ya taka har kujerarsa ta layi na biyu, ya zauna, ya jingine ta a gefensa, ya ɗauko waƙar daga inda aka yar da ita. Muryarsa ba ta da daɗi, bai taɓa iya waƙa ba. Lariba ta kama masa daga ƙofa. Sannu a hankali wasu suka shiga, faston ma ya koma mumbari yana motsa baki. Washegari tun kafin motar farko ta tashi Awini na gindin bishiyarsa, kuma yana nan har yau, kuna iya kai masa takalmanku.

Amma ni ban samu fita daga cocin nan da wuri ba. Na juya zan lallaɓa waje sai na ji an ja mini gefen riga. Dattijon nan ne na hanyar Zebilla, zaune a ƙarshen benci, jikokinsa biyu da suka ɗauko shi suna gefensa. Bai kalle ni ba, idonsa na kan mumbari, bakinsa na bin waƙa. Ta gefen baki ya ce, "Masta, tunda gudumar na hannunka. Ta uku daga taga, mai waya."

Na ajiye takalmina a ƙasa na koma bangon.